Ɗalibanmu na Amurka, ranar wasa a shirya kafin a fita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da duk ma'aikatan gidan, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne daga jihar Mishigan a ƙasar Amurka, don Allah ɗan fili nake nema in yi magana da yaranmu masu zuwa karatu nan, da iyayensu ma da ke gida. Kuna yawan kawo mana labarin tallafin karatu da biza da yadda ake neman gurbi a jami'a, kuma wallahi ana amfana, amma in yaro ya sauka daga jirgi a watan Agusta babu wanda ya gaya mai abin da zai tarar ranar Asabar, kuma duk shekara sai na ga wannan abin ya wahalar da wani.

Daga ƙarshen Agusta har ƙarshen Nuwamba kakar ƙwallon jami'o'i ce a nan. Ba irin ƙwallon ƙafar da muka sani ba fa, tasu ce mai kama da zari-ruga, wadda ake sa hular kwano ana ture juna. Asabar ta jami'o'i ce, Lahadi kuma ta ƙwararrun ƙungiyoyin NFL. Filin jami'ar Mishigan da ke Ann Arbor yana cin mutum 107,601, babu filin da ya kai shi girma a duk ƙasar, alhali shi kansa garin mutanensa ba su wuce dubu 120 da 'yan kai ba, to ku ƙiyasta yadda gari ke komawa ranar wasa. Kuma tun kafin a buɗe ƙofar filin ake fara shagali. Mutane su taho da motocinsu tun duku-duku, su faka a filin makarantar sakandaren Pioneer da ke tsallaken titi ko a filin golf da ke kusa, a sauke ƙofar bayan a-kori-kura, a kafa rumfa, a jera kujeru, a hura gawayi, wasu har da talabijin da ɗan janareto, ana gashi ana ci ana hira yara na jefa 'yan buhunan masara cikin ramin katako. Wannan zaman shi suke kira tailgating, yaranmu na ce mai telget. Wasu ma ba su da tikitin shiga, zaman kawai ya kawo su.

To a yi lissafi. In wasan na ƙarfe 12 na rana ne, ƙarfe 7 ko 8 na safe an riga an zauna. Wasan a agogo minti 60 ne, amma da tsayawa da talla da hutun rabin lokaci sai ya cinye awa uku da ɗoriya, sannan ga cunkoson fita. Kenan mutum zai yi awa tara ko goma a waje, ba ɗaki ba rufi, yawanci a tsaye. In na yamma ne ko na dare abin ya fi haka. Wannan lissafin ne yaranmu ba sa yi, suna ɗauka irin zuwa gidan kallo ne a yi awa biyu a watse.

Na san akwai masu cewa me ma zai kai ɗan musulmi wurin, ai wurin shan giya ne. Ba zan ce babu giya ba, akwai ta, wani ɓangaren ma na ɗalibai ya fi ƙarfin zaman mai mutunci, kuma wanda ya ce shi ba zai taka ba ni ban ga laifinsa ba sam. Amma gaskiya ni ra'ayina a je, a dai zaɓi wurin zama. Mutanen nan ba su da al'adar shiga gida a gaisa, sai ka shekara da maƙwabci in ban da ɗaga hannu ba abin da ya haɗa ku, amma ranar nan malaminka da ke duba maka aikin digiri zai zo da matarsa da jikoki ya miƙo maka faranti, ya tambaye ka garinku da iyayenka. Akwai rumfunan iyalai da na sashen karatu inda za ka zauna da shayinka babu mai takura maka. Yaron da ya kulle kansa a ɗaki duk Asabar har wata uku kaɗaici ne zai cinye shi, kuma mun ga yadda kaɗaici ke yi wa yara a ƙasar nan. Matsalata da masu zuwa ne ba shiri, su sha wuya, su rasa sallah, su wuni da yunwa, su dawo su ce sun tuba.

Babban abin dai sanyi ne, kuma a nan zan daɗe. Na farko ma'aunin zafinsu daban ne da namu, su Faranhait suke amfani da shi. Yaro zai duba waya ya ga 40 ya ce ai lafiya lau, shi tunaninsa 40 ɗin Sakkwato, alhali 40 ɗinsu digiri 4 ne a namu, kuma a 32 ɗinsu ruwa ke daskarewa. Sannan a duba har da ƙarfin iska, don iskar ce ke shiga ƙashi, kuma a duba na safe da na yamma duka ba na tsakar rana kaɗai ba. A watan Oktoba kana iya fita da asuba ciyawa ta yi fari da raɓar da ta daskare, da azahar ka ji kana neman cire riga, da magariba kuma haƙora su fara haɗuwa.

Akwai wani yaro ɗan arewa da aka haɗa ni da shi, sabon zuwa, yaro mai ladabi. Ranar wani wasa a farkon Nuwamba ya iso rumfarmu cikin farar shadda ta sha guga da aiki a wuya, ga kube, ga takalmi sau-ciki da 'yar siririyar safa, ya ɗora wata jaket marar nauyi a sama. Wallahi ya yi kyau, Turawan wurin har hoto suke nema da shi. Ba a yi awa biyu ba na ga ya daina magana, ya cusa hannaye a hammata, leɓensa ya yi fari-fari, ya ciro waya zai kira wani yatsun sun ƙi danna lambar sirrin. Wata dattijuwa da ke rumfar kusa da mu ce ta ɗauko bargo a motarta ta lulluɓa mai, ta kawo mai 'yan ƙunshin ɗumama hannu guda biyu ta ce ya sa a aljihu. Bai ga wasan ba ranar, a mota ya ƙare da hita, ga kuɗin tikiti ya tafi.

Shadda da yadi da atamfa yawanci auduga ce, ita kuma auduga in ta sha gumi ko yayyafi riƙe ruwan take yi ta manne a jiki ta dinga zuƙe maka ɗumi. Ba wai kar a sa kayan gida ba, ni ma ina sawa kuma ina alfahari da su, amma su zama na sama don ado, aikin kare jiki na cikin ne ke yi. A jikin fata a fara sa riga da dogon wando masu kama jiki na ulu ko na roba-roba irin na 'yan motsa jiki, ana samunsu da araha a manyan kantuna. A kansu suwaita mai kauri, sai a ƙarshe babbar jaket wadda iska da ruwa ba sa ratsawa, mai hula a haɗe. Amfanin yin hawa-hawa shi ne in rana ta buɗe ka cire ɗaya ka ɗaura a ƙugu, in ta rufe ka mayar. Kuma wandon jins shi kaɗai ba ya tare komai, kar a yarda da shi, shi ma auduga ne.

Ƙafa ita ke fara bada mutum. Kwalta da siminti suna jan ɗumi ta tafin takalmi, sa'o'i kana tsaye a kai. A nemi takalmin but mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga, ya ɗan fi ƙafa girma, da safar ulu. Kar a cusa safa uku a matsattsen takalmi, jini ne zai kasa zagayawa sanyin ya ƙaru. Tsofaffin 'yan kallo za ka ga sun zo da guntun kwali sun taka a kai, ba talauci ba ne, dabara ce, kuma tana aiki sosai. Kai kuma kube da zanna ba sa rufe kunne, a sa hular sanyi a rufe kunnuwa ruf, da abin naɗe wuya, da safar hannu. Basilin a fuska da leɓe kamar yadda muka saba da hunturu, wannan kam ba sai an koya mana ba.

Kar wani ya ga kamar ina zuzuta abin. Ranar 13 ga Janairun 2024 an buga wasa a birnin Kansas tsakanin Chiefs da Miami Dolphins cikin sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili a ma'auninmu, ga iska a kai, daga baya wani asibiti a birnin ya sanar cewa sai da aka yanke wa wasu mutane yatsun hannu da na ƙafa saboda sanyin ya kashe su, cikinsu har da waɗanda suka je kallon wasan.  In ka ji yatsa ko kunne ko hanci ya daina jin komai, fatar ta yi tauri ta koma toka-toka, to a bar wurin nan take a shiga ɗumi. Kar a murza, kar a kara a wuta ko murhu don ba za ka ji lokacin da ka ƙone ba, ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sawa, in abin bai dawo ba a tafi asibiti. Sannan don Allah kar a ja murhun gawayi ko janareto cikin rufaffiyar rumfa wai a ji ɗumi, iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi kuma kisa take yi.

'Yan'uwa mata, uwargidana ta ce in isar da nata saƙon: abaya da doguwar riga iska ce ke shiga ta ƙasa, a sa dogon wandon ɗumi a ciki ko biyu ma, a zaɓi hijabi mai kauri wanda za a iya cusa shi cikin jaket, don mayafi mai tashi a iska wahala ne kawai, kuma takalmi mai tsini ba shi da wuri a filin ciyawar da ya jiƙe.

Farkon kaka kuma labarin daban ne, Satumba da zafinta, kujerun filin dogayen bencina ne a rana tsirara babu inuwa. Hana-sallah da tabarau da ruwan sha mai yawa, da man kare fata, mu ma rana na ƙona mu. Masu karatu a jihohin kudu su sun huta da yawancin abin da na faɗa. A jami'ar Misisifi da ke garin Oxford akwai wani fili mai itatuwa da suke kira Grove inda al'adar ita ce a ci ado, maza da kwat mata da kwalliya, can kam shaddarka da kubenka za su yi kasuwa.

Sai maganar launi, wadda ba wasa ba ce a wurinsu. Mishigan shuɗi da ruwan ɗorawa ne. Babbar abokiyar gabarsu jami'ar jihar Ohayo ja da toka ce, kuma wasansu na ƙarshen Nuwamba shi ne wasan shekara, ranar ka ajiye jar dara da jar suwaita a gida. Wani abin da yaranmu ba sa kawowa a rai, ɗaya abokiyar hamayyar, Michigan State, kore da fari ce, daidai rigar Super Eagles. Yaro zai sa rigar ƙasarsa da zuciya ɗaya ya shiga tsakiyar 'yan Ann Arbor ranar da ake karawa da su, ya yi ta shan ihu da baƙar magana bai san laifinsa ba. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura, ko hula ɗaya mai launin makarantarku ta wadatar.

Abinci kuwa kar ka dogara da na kowa. Abin da aka fi gasawa a wurin nan tsiran-tsiran naman alade ne, wani ma a cikin giya ake fara dafa shi kafin ya hau wuta, ga naman alade da ake dagargazawa a sa a burodi, ko miyar wake da niƙaƙƙen nama wani kan tsiyaya mata giya. Ko naman sa ne, a kan wayar gashi ɗaya aka gasa su da cokali ɗaya. Ka yi tambaya, ba sa jin haushi ko kaɗan, da yawansu ma in sun san kana zuwa za su tanadar maka naka daban. Abin sha ma a karanta gwangwani da kyau, akwai masu kama da lemo sak da hoton 'ya'yan itace, in ka ga an rubuta hard a jiki to da giya a ciki. Haka wasu 'yan ƙananan kofuna masu abu kala-kala mai rawa da ake zagayawa da su a tire, ba alawa ba ce, kar a karɓa.

Mu abin da muke yi, ana gobe wasa a sayo naman halal, mu nan Allah ya taimake mu Dearborn na kusa, ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba kuma mahauta musulmi sun cika ta. A yanka shi fale-fale a tsire a tsinke, a shafa mai da ƙuli da yaji ya kwana a firij. Mu tafi da ɗan ƙaramin murhunmu da wayar gashinmu, ko a shimfiɗa takardar gashi ta alminiyam a kan nasu. Ƙamshin tsire in ya tashi a filin nan sai ka ga mutane suna juyowa, akwai wani dattijo mai zaman kusa da mu da ya ɗanɗana sau ɗaya, ya yi ta tari hawaye na zuba, ya sha ruwa ya dawo ya miƙo faranti, yanzu da ya hango mu yajin yake fara tambaya. Sai babban filas na shayi mai citta da kanumfari, da dabino da gyaɗa a aljihu, da burodi. Iyaye na gida kuma a daina cusa wa yara kilishi da dambun nama a jaka, jami'an kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama ya shigo, ƙwacewa suke yi, in kuma yaro bai bayyana shi ba har tara ana iya cin sa. Yaji da kayan shayi sun fi mai amfani, su ma dai ya faɗa in an tambaye shi.

A kula da lalacewar abinci, musamman lokacin zafi. Ɗanyen nama a kularsa daban da ƙanƙara, abin sha a wata kular don ita ake yawan buɗewa. Ƙa'idar ma'aikatar noman Amurka ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 a ma'auninmu awa 1 kawai. Shinkafar da aka bari a tebur tun safe aka shiga kallo aka fito, wannan ta shara ce ko da ba ta yi tsami ba.

Yanzu sallah, wadda ita ce ta fi damuna. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan yini ya taƙaice, a ƙarshen watan a nan azahar na shiga sha biyu da 'yan mintuna, la'asar kafin uku, wajen biyar rana ta faɗi. Wanda ya shiga wasan ƙarfe 12 bai yi tsari ba, azahar da la'asar duk a ciki za su same shi, kuma yawancin filayen in ka fita ba a barinka ka koma. Banɗakunan wurin fakin irin na roba ne da ake ajiyewa, ba famfo ba ruwa, ga layi. Don haka a fito daga gida da alwala, a ajiye buta ko gora da ruwa mai ɗumi a mota da ɗan tawul don goge ƙafa kafin a mayar da safa, a sa siririyar sallayar nan mai ninkewa a aljihun jaket. Mai huffi ya tambayi malaminsa sharuɗɗan shafa tun kafin ranar, zai ji daɗinsa ƙwarai. A lokacin hutun rabin lokaci, wanda a wasan jami'a minti 20 ne, ka samu ma'aikacin filin ka ce kana neman wuri mai natsuwa na minti biyar, ni dai duk wanda na tambaya nuna mini ya yi. In kuma mutum ya ga ba zai iya haɗa shiga wasan da tsare sallah ba, ya tsaya a telget ɗin ya kalla a talabijin, babu wasan da ya kai sallah.

Kayan da ka kwaso kuma yawancinsu a mota za su tsaya. Tun 2013 filayen NFL ba sa barin jaka sai ta leda garai-garai da ake ganin ciki, wadda ba ta wuce inci 12 da 6 da 12 ba, ko 'yar ƙaramar jakar hannu. Filin Mishigan shi ma ya fi tsanani, babu jaka kwata-kwata ko ta mata, babu lema, don haka in da hadari rigar ruwa ta leda za ka ninke a aljihu. Kowane fili da dokarsa, a duba shafinsu tun daren jiya, don abin tausayi ne ka yi layi mai tsawo a mayar da kai mota saboda jaka. Tikiti yanzu a waya yake, a sauke shi tun a gida don sabis ɗaukewa yake in mutum dubu ɗari suka taru, sanyi kuma yana shanye batir, wayar ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki, a riƙe fawa bank da katin banki don filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi. A ɗauki hoton inda aka faka mota, a kuma yi alƙawarin wurin haɗuwa in an rabu.

Wani abu ga yaranmu masu lasin, tunda ba ka sha za a so ka zama direban komawa gida, ka karɓa, taimako ne kuma ana ganin girman mai yi. Amma kar ka yarda kowa ya shigo maka mota da buɗaɗɗiyar kwalba, doka ta hana kuma kai za a fara tambaya, kai da ke zaune da bizar karatu. In ka ga wuri ya fara rikicewa ja jikinka tun da wuri.

In an tashi wasa kar a yi gaggawar shiga cunkoso, motoci ba sa motsi na wani lokaci. Mu mukan koma rumfa a canza safa busasshiya da aka bari a mota, a sha sauran shayi, a yi magariba, a tattara shara a manyan ledoji. Gawayi a tabbata an kashe shi da ruwa ya huce, a zuba a garwar ƙarfen da aka tanada, kar a tura murhu mai zafi ƙarƙashin mota, kar kuma a juye shi a kwandon shara na roba.

Malam Edita, roƙona na ƙarshe, ku ɗan ware wani gefe a jaridar inda mazauna waje za su riƙa aiko da irin waɗannan bayanan na zaman yau da kullum, na Kanada da Ingila da Rasha da Sin kowa ya faɗi na wurinsa, kuma a riƙa bugawa wajen Yuli da Agusta lokacin da yara ke haɗa kaya. Na gode da filin da kuka ba ni.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Ann Arbor, jihar Mishigan, Amurka